Makullin Tagar Baya

A unguwar babu mai kiransa da sunansa. Mai Walda ake ce masa, yaro da babba, har 'ya'yansa ma idan aka tambaye su 'yan gidan wa ne, haka suke amsawa. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana haɗa ƙarfe da ƙarfe a wata rumfar kwano da ke jingine da katangar gidansa. Idanunsa sun yi ja tun yana saurayi, domin ya raina baƙin gilashi, wai yana hana shi ganin aiki. Gaban rigunansa kuwa duk ƙananan huji ne na tartsatsin wuta. Matarsa ta yi ɗinki ta yi faci har ta gaji, ta bar shi da kayansa.

Yana yin ƙofa, yana yin gado, amma abin da ya yi suna a kai shi ne ƙarfen taga. Idan tsautsayi ya sa ka jera da shi a hanya, to ka shirya tsayuwa, domin kowane gida sai ya ja birki ya nuna maka tagar da ya yi, da shekarar da ya yi ta, da kaurin rodin da ya sa. Cika bakinsa ɗaya ne a duniya, wai ɓarawo bai taɓa shiga ta tagar da ta fito daga hannunsa ba. Abin haushin shi ne gaskiya yake faɗa, don haka babu yadda za ka yi da shi sai ka gyaɗa kai.

A bayan gidan akwai ɗaki ciki da falo, da ɗan banɗaki, waɗanda ya gina wa babban ɗansa. Ɗan ya tafi neman abinci wata ƙasa, ya yi aure can, ya zauna. Bayan shekara biyu matar Mai Walda ta rasu. Ɗakunan suka zauna a rufe, gizo-gizo yana ta nasa ginin a ciki. Autarsa ce, wadda ke aiki a wani kantin magani a ɗaya gefen garin, ta kawo shawarar a riƙa saukar da baƙi. Garin yana bakin wani babban tafki, kuma duk lokacin hutun makaranta mutane suna zuwa da iyalansu su yi kwana uku ko mako guda. Ita za ta riƙa magana da su ta waya, shi kuma ya karɓe su. Da farko ya ce shi ba mai otal ba ne. Bayan wata biyu sai ga shi yana shimfiɗa zanin gado da hannuwan nan nasa masu kaushi, yana ja yana daidaitawa kamar zai yi masa walda. Bai taɓa furtawa ba, amma tun rasuwar matarsa bai samu abin da ya ɗebe masa kewa kamar baƙin nan ba.

Kafin a fara, Auta ta gayyato wani jami'in kashe gobara ya duba wurin, kamar yadda aka ce duk mai saukar da baƙi ya yi. Mutum ne mai sanyin magana. Ya sa aka rataya jar tukunyar kashe wuta kusa da ƙofa, aka manna wata 'yar na'ura a silin mai tsala ƙara idan ta ji hayaƙi. Sannan ya shiga ɗakin ciki, ya kama ƙarfen tagar baya da hannu biyu ya girgiza. Ko motsi bai yi ba. Mai Walda yana tsaye yana murmushi, yana jiran yabo.

"Baba, aiki ya yi kyau," in ji jami'in. "Amma ƙofarku ɗaya ce. Idan wuta ta tare ta, wanda ke cikin ɗakin nan ta ina zai fita?"

Kwana uku Mai Walda yana fushi. Ya gaya wa mai shayi, ya gaya wa mai faci, ya gaya wa duk wanda ya tsaya a rumfarsa cewa yaron da ko rodi bai taɓa lanƙwasawa ba ya zo yana koya masa taga. A rana ta huɗu ya ɗauki injin yanka ƙarfe ya shiga ɗakin. Ya fitar da ɗan ƙyaure a tsakiyar ƙarfen, daidai yadda babban mutum zai iya fita, ya yi shi da kyan da sai ka ƙura ido za ka gane yana buɗewa. Ya sa masa kwaɗo. Auta ta kafa ƙusa a bango gefen tagar, bayan labule, ta rataya makullin. Ta rubuta takarda da manyan baƙaƙe ta liƙa a bayan ƙofa: idan gobara ta tashi, makullin tagar baya yana rataye a ƙusa. Ta kuma sa uban ya yi mata alkawarin duk baƙon da ya sauka zai nuna masa abu uku, tukunya da taga da makulli.

Shekara guda yana cika alkawari. Sai wata rana da tsakar rana, baƙi sun tafi bakin tafki, wani ya zagaya ta lungun baya, ya zura hannu ta tsakanin ƙarafan, ya zare makullin daga ƙusa, ya buɗe ya shiga abinsa. Jaka ɗaya kawai ya ɗauka. Baƙin ma ba su ɗauki abin da zafi ba, amma unguwa ta samu abin yi. Mai faci ya ce ashe tagar Mai Walda har makulli take miƙa wa ɓarawo, ya rage ta ce masa sannu da zuwa. Aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Shi ma ya yi yaƙe, amma abin ya tsaya masa a rai.

Akwai hanyoyi da yawa na gyara wannan, kuma babu wanda ya fi shi saninsu. Bai bi ko ɗaya ba. Ya sayo sabon kwaɗo, ya zura makullin a cikin zoben makullansa, tare da na rumfa da na ƙofar gida, ya jefa a aljihu. Dalilinsa shi ne ai kullum yana nan, taku ashirin ne tsakanin rumfarsa da tagar. Bai gaya wa Auta ba, don ya san za ta yi masa faɗa. Takardar kuwa ya bar ta a bayan ƙofa. Daga ranar, idan baƙo ya sauka, sai ya nuna masa tukunya da kyau, ya yi wa taga nuni da hannu daga bakin ƙofa, ya wuce zancen ruwa da wutar lantarki.

A hutun da ya biyo baya wani malamin makaranta ya sauka da mahaifiyarsa. Malamin dogo ne siriri, mai yawan cewa na gode. Ya ce tsohuwar tunda take ba ta taɓa zuwa wani wuri don hutawa kawai ba, ba ta kuma taɓa ganin ruwan da ido ba ya kai ƙarshensa ba, shi ya sa ya yi ta lallashinta har ta yarda. Gwiwoyinta sun gaji, da sanda take tafiya, amma bakinta ƙalau yake. Ranar farko da ta ga tagogin ta tambayi Mai Walda ko laifi suka yi aka kawo su nan. Ya ce mata ƙarfen nan ko giwa ba ta karya shi. Ta ce to Allah ya sa giwar ta sani.

Kwana uku suka yi suna wannan tsokanar. Da la'asar takan fito da kujera tsakar gida ta zauna tana kallonsa yana aiki, tana rufe ido da tafin hannu idan wuta ta yi walƙiya. Yaya yake ce mata, domin ta ba shi shekara biyu, ita kuma tana ce masa ƙanena mai taurin kai. Ta ba shi labarin yadda ta riƙe 'ya'ya biyar da ɗinki bayan mutuwar mijinta, ya ba ta labarin matarsa da facin riguna. Ta duba rigar da ke jikinsa ta ce baiwar Allah ta yi haƙuri. Ya gyara mata roban ƙasan sandarta da ya cinye.

A rana ta huɗu aka aiko masa cewa ƙofar wani shago ta sauka a ɗaya gefen garin. Ya ɗora kayan aiki a babur ya tafi bayan azahar. Makullan suna aljihunsa kamar kullum, bai ko tuna da su ba.

Abin da ya faru a bayansa, daga baya ya ji shi. Tsohuwar ta ce a ɗumama mata ruwa ta gasa gwiwa. Malamin ya jefa hita a bokitin roba a falo, dab da ƙofa inda soket yake, sai aka ɗauke wuta. Ta ce bari ta ɗan kishingiɗa a ɗakin ciki. Shi kuma ya fita sayo mata man zafi, ya manta bai zare hitar ba. Wuta ta dawo yana layi a kantin magani. Ruwan ya ƙafe, roban ya narke, labulen ƙofa ya kama, kujerar soso ta karɓa. Na'urar silin ta yi aikinta, maƙwabta suka ji ƙara suka fito, amma ƙofar ta riga ta zama wuta, jar tukunyar kuma tana rataye a tsakiyarta.

Malamin ya iso a guje. Ya karanta takardar nan tun ranar da suka sauka, don shi mutum ne mai karanta duk abin da aka liƙa a bango. Ya zagaya lungun baya, ya fasa gilashin, ya zura hannu ta tsakanin ƙarafan cikin hayaƙi yana lalube. Yana jin tarin mahaifiyarsa a ƙasa, dab da tagar. Yatsunsa suka bugi ƙusar, a daidai lokacin kuma ya ji wani abu ya faɗi ƙasa ya yi ƙara. Ya ci gaba da lalube har fatar hannunsa ta saluɓe. Maza huɗu suka taru da guduma da tabarya suna dukan ƙarfen. Aikin Mai Walda ne, bai ko lanƙwasa ba. Kafin motar kashe gobara ta iso a datse kwaɗon, tarin ya daɗe da tsayawa.

Mai Walda ya dawo ya tarar da lungun cike da mutane da ruwa da ƙauri. An lulluɓe tsohuwar da zanin gadon da ya shimfiɗa da hannunsa. Sandarta tana yashe a gefe, da sabon roban da ya sa mata.

Washegari jami'in nan mai sanyin magana ya zo da takardunsa. Ya tambayi inda makullin yake ranar. Auta, idanunta a kumbure, ta ce a ƙusa yake, ita da kanta ta rataya shi, kuma Baba ba ya saukar da baƙo sai ya nuna masa. Malamin, hannunsa a naɗe da bandeji, ya ce haka ne, shi ne ya ture shi ya faɗi, ya ji ƙararsa da kunnensa. Aka tona tokar ba a ga makulli ba, aka ce wataƙila ruwan mesa ya tafi da shi. Mai Walda yana tsaye a wurin, hannunsa a aljihu, makullin yana tsakanin yatsunsa. Babu wanda ya tambaye shi, shi ma bai ce uffan ba.

Daga baya ya yi ta gaya wa kansa cewa ai bai yi ƙarya ba. Wannan maganar banza ce, kuma ya san maganar banza ce. Tsoro ne ya kama shi. Ba tsoron hukuma kaɗai ba, ko da yake akwai shi. Abin da ya fi tsoro shi ne fuskar Auta idan ta ji, ita da ta rage masa a kusa, ita da ta tsaya a gaban jami'i ta ba da shaida a kansa da zuciya ɗaya.

Aka daina saukar da baƙi. An gyara rufin, amma bai bari an yi fenti ba. Ya daina karɓar aikin taga, ya daina tsayar da mutane a hanya. Unguwa ta ce tausayi ne ya taɓa shi, mai faci ma ya daina tsokanarsa, wanda hakan ya fi tsokanar ciwo. Auta takan zo duk mako ta kawo masa abinci, ta zauna ta ba shi baki, ta ce ya daina damun kansa, shi ya yi duk abin da aka ce ya yi. Duk ranar da ta faɗi haka, abincin nan sai dai almuru ta same shi a rufe. Ya cire makullin daga zoben. Sau biyu yana zuwa bakin tafki don ya jefa shi, sau biyu yana dawowa da shi. A ƙarshe ya koma aljihun ƙirjinsa ya zauna, shi kaɗai.

Wata goma bayan gobarar, da hantsi, yana zaune a rumfa ba ya komai, sai ga malamin ya yi sallama. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Hannunsa na dama ya warke, amma fatar ta tattare tana sheƙi, yatsu biyu ba sa miƙewa. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, kowa yana kallon ƙasa. Sannan ya ce in ba damuwa, yana so ya ga ɗakin.

Suka shiga. Bangon yana nan baƙi ƙirin, ƙusar tana nan inda take. Malamin ya tsaya ya daɗe yana kallonta. Ya ce ya bar koyarwa, domin idan ya ɗaga hannu zai yi rubutu a allo sai ya ga kamar lalube yake yi. Ya ce 'yan'uwansa ba su taɓa ce masa komai ba, kuma shirunsu ya fi masa nauyi. Maganar hita, ya ce, ya kai ta gaban Allah, mantuwa ce irin ta kowa, kuma a hankali yana koyon zama da ita. Amma makullin ya gagare shi.

"Baba, a bakin yatsana yake," in ji shi. "Da na yi a hankali kaɗan, da tana nan. Ni na yar da shi."

Mai Walda ya taɓa aljihun ƙirjinsa. Yana iya cewa ƙaddara ce, ya dafa kafaɗarsa, ya raka shi bakin titi, kuma babu mahalukin da zai taɓa sani. Har ya buɗe baki zai faɗi hakan. Sai ya kalli hannun nan. Shi mutum ne da ya san ƙuna, ya san tsawon lokacin da mutum zai bar hannunsa a cikin zafi kafin fata ta koma haka.

Ya sa hannu a aljihun ƙirjinsa ya fito da makullin.

"Malam, ba ka yar da komai ba. Ƙusar nan babu komai a jikinta ranar. Yana aljihuna, a can gefen gari."

Ya faɗa masa sauran, a tsaye, ba tare da ya gyara ko ɗaya ba: ɓarawon, da dariyar da aka yi masa, da sabon kwaɗon, da takardar da ya bari a bayan ƙofa. Ya ce abin da ya faɗi ya yi ƙara gwangwanin maganin shafawarta ne, shi ya tsince shi a ƙarƙashin tagar da yake share tokar. Ya ce ba ya neman a yafe masa, ba shi da bakin neman hakan.

Malamin bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Ya karɓi makullin ya juya shi a tafin hannunsa, ɗan ƙaramin abu, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Can ya miƙa masa, ya ce ya rataya shi a ƙusar. Mai Walda ya rataya. Malamin ya fita, Mai Walda ya ji takunsa yana zagayawa ta lungun baya, har inuwarsa ta tare hasken tagar. Sai hannun nan mai tabo ya shigo ta tsakanin ƙarafan. Bai yi lalube ba. Kai tsaye ya tafi ga ƙusar, yatsu uku suka ɗauke makullin, hannun ya koma waje.

Ko ƙiftawar ido uku ba a yi ba.

Daga cikin ɗakin Mai Walda yana jin kukan mutumin a lungu, kuka mai fita daga can ƙasan ciki, irin wanda aka daɗe ana dannewa. Bai fita ba, domin ya san ba shi ne zai rarrashe shi ba. Ya zauna a ƙasa a ƙarƙashin tagar, daidai inda tsohuwar ta kwanta, shi ma ya yi nasa. Da ya fito, malamin ya tafi da makullin, bai yi masa sallama ba.

Da yamma ya wanke fuska, ya sa rigar da ta fi ƙarancin huji, ya rufe rumfa. Mai faci ya tambaye shi ina zuwa, ya ce wurin Auta, daga can kuma gobe yana da magana da jami'in kashe gobara. Babur ɗinsa yana nan a jingine, amma da ƙafa ya tafi. Kantin maganin yana da nisa, kuma har yanzu bai san da wace kalma zai fara ba.